Ni Na Fesa Gam ɗin, Dimyana Aka Ɗora Wa

Zuwa ga Abla Sanniya mai filin shawarwari,

Ki taimake ni da shawara, 'yata, yau kwana tara ke nan wani abu yana damuna. Ni ban yi makaranta ba. Maƙwabciyata Sitt Ihsan, wadda ta yi aikin gidan waya har ta ajiye, ita ke karanta mini filinki duk Alhamis, ita ce kuma ke rubuta wannan. Na ce mata yadda na faɗa haka za ta sa, kada ta gyara mini baki. Sunaye kawai na yarda ta canza.

Ni 'yar Mahalla ce, a bayan masaƙa aka haife ni. Katin shaida ya ce shekarata saba'in da huɗu, ni dai na san na fi haka. Mijina Usta Abdul-Ati, Allah ya ji ƙansa, mai ɗinkin katifa da lihaf ne, bargon nan mai auduga a ciki. Shi ke shiɓa, shi ke ɗinkin ado, ni kuma riƙo. Riƙo shi ne ki shimfiɗa ƙyallen ƙasa, ki baza auduga, ki ɗora na sama, sai ki durƙusa ki bi shi da doguwar allura, ɗinki tsalle-tsalle, daga tsakiya zuwa baki, don kada wani abu ya goce lokacin ɗinkin gaske. In an gama a zare zarena a yar. Shekara arba'in da wani abu aikina ke nan, ɗinkin da ake cirewa. Ba a taɓa dawo mana da lihaf an ce ya tattare ba.

Da ya rasu sai 'yata Awatif ta ɗauki sana'ar, amma ita da keken ɗinki take yi. Su biyu ne, ita da Dimyana ta saman benenmu. Tare suka tashi, tare suka yi ƙyanda ma. Dimyana ta je cocinta ran Lahadi, ta sauko ta zauna kan keke, ba mu taɓa jin kansu ba. Sukan sayo ƙyallaye buhu-buhu daga masaƙa su harhaɗa fuskar lihaf, audugar kuma yanzu a naɗe take zuwa kamar tabarma, ba shiɓa. Ni ina nan kan riƙona, kwana biyu lihaf ɗaya, da gwiwa ta fara ciwo ya koma kwana uku.

Bara Dimyana ta je Alƙahira ta dawo da wani gwangwani. Gam ne wai, na feshi. A fesa, a ɗora ƙyalle, a shafe da hannu, kafin shayi ya huce an gama abin da nake kwana uku a kansa. Ba su kore ni ba, kada ki ce sun kore ni. Cewa suka yi in huta. Suka aje mini kujera a bakin ƙofa, suka miƙo mini lalo in tsinke. Feshin kuma a can rufin bene suke yi, ni kuwa rabona da matakalar nan an fi shekara, don haka ban taɓa ganin yadda ake yi da idona ba. In sun sauko da lihaf a manne sai in taɓa in ce ya yi. Ya kuwa yi, ba zan yi ƙarya ba.

To jikata za ta yi aure bayan ƙaramar salla, 'yar Awatif. Wata uku uwarta ta yi tana haɗa mata fuskar lihaf, fure-fure na farin satin a kan shuɗi. Shi za a rataye a tsakiya ranar tanjid, ranar da ake fito da kayan shimfiɗar amarya layi a jera a kan igiya, mata su zo su shafa, su juya baki su duba ɗinki. Kin san matanmu, da yatsa suke kallo.

Ran Talatar da ta wuce waccan, iska ta hana su hawa sama. Suka shimfiɗa shi a daɓen ɗakin ɗinki, ƙyallen ƙasa da auduga da fuska, suka naɗe fuskar gefe, gwangwani na aje kusa. Awatif ta tafi garin Tanta da amarya sayen tukwane. Dimyana ta ce za ta je dubiya asibiti, in ta dawo da la'asar ta fesa. Aka bar ni da gida.

Na daɗe ina kallonsa daga kujera. Lihaf ɗin auren uwar amarya ni na riƙe shi, na ƙannena mata duka ni, na rabin amaren layinmu ni. Na jikata ne kaɗai za a yi ba hannuna. Na nemi doguwar allurata ban san inda suka kai ta ba. Sai na ɗauki gwangwanin.

Ni gwangwanin feshi ɗaya na sani a duniya, na sauro. Shi kuwa kowa ya san yadda ake yi. Na rufe tagogi biyu, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na girgiza shi sosai. Na fesa wa audugar har ta jiƙe, na fesa wa bayan fuskar, na ɗaga sama na zagaya ɗakin yadda na saba, hannu ne ya tafi da kansa. Sai da gwangwani ya daina ƙara. Na fita na ja ƙofa don ya samu ya yi aiki, na shiga kicin da ke jikin ɗakin na kunna gas na dafa shayi, ina ta tari. Bayan kamar awa ɗaya na koma, na durƙusa, na ja fuskar na shafe ta daga tsakiya zuwa baki. Tashi ne ya ba ni wuya, sai da na kama ƙafar keke. Na buɗe tagogi, na aje gwangwani inda yake, na koma kujerata.

Dimyana ta dawo ta leƙa ta ga an yi, ta ɗauka Awatif ce ta yi kafin ta fita, ta haye sama. Awatif ta dawo ta ɗauka Dimyana ce. Washegari Awatif ta sa shi a keke. Allura ta shiga ta fito da danƙo, zare ya tsinke, ta canza allura, ya sake tsinkewa. Allura biyar. Ta ɗaga shi a haske sai ga tabo-tabo a jikin farin satin, inda gam ya huda. Silifas ɗinta na mannewa a tayil, teburin keke duk ya kama gashin auduga kamar ɗan tsako.

Ta ƙwala wa Dimyana kira. Dimyana ta ce ita a haka ta tarar. Awatif ta ce to wa ya yi, aljanun masaƙa? Ta nuno ni da almakashi ta ce, "Ko Mama za ki ce, wadda salla ma a zaune take yi?" Duka suka juyo suka kalle ni, suka mai da kai suka ci gaba da faɗansu. Ko zargina ba wadda ta yi. Ina riƙe da tiren shinkafa, na ci gaba da tsinta.

Daga nan magana ta yi tsami. Awatif ta ce dama ta lura tun da aka sa rana fuskar Dimyana ba daidai take ba, don tata 'yar ta girmi amarya kuma har yau ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Dimyana ta ɗauki almakashinta da dutsen gugarta ta hau sama. Ba ta sake shigowa ba. In ta wuce ni a bakin ƙofa takan ce, "Ya gwiwa, Hajja?" Shekaranjiya ma man zafi ta miƙo mini, ta ce ta ji ina tari, in shafa a ƙirji.

Za ki ce me ya hana ni magana. Ɗana Gabir ne, yana Iskandariya, a bene hawa na shida. Da sanyin bana na manta madara a wuta tukunya ta ƙone, na ji Awatif tana ce masa a waya in na sake yin wani abu irin wannan ya zo ya ɗauke ni, ita ba za ta iya aiki da gadi ba. Na taɓa yin wata guda a gidan nan nasa. Daga taga sai rufin motoci. Ba wanda ya san Usta Abdul-Ati a can. In na faɗa, cewa za su yi kai ya fara taɓuwa, a haɗa mini kaya bayan biki. In na yi shiru, ina nan a kujerata, Dimyana na sama.

Saura kwana goma sha biyu tanjid. Lihaf na naɗe a kan kabad, Awatif ba ta ko kallonsa. Ni dai na duba shi da ba kowa, duk da tabon, ko ƙwaya ɗaya bai tattare ba.

In faɗa ne, ko in bari biki ya wuce tukuna? Kuma gam ɗin nan yana fita?

Mai Riƙo, Mahalla

*

Hajja Mai Riƙo,

Na aika miki amsar nan ta wayar Sitt Ihsan tun kafin a buga ta, domin maganarki ba ta jiran Alhamis.

Zan fara da abin da ba ki tambaya ba. Gam na feshi yana kama wuta, shaƙarsa kuma tana cutar da ƙirji. Kin zazzage gwangwani guda a rufaffen ɗaki, kika kunna gas a ɗakin da ke jikinsa. Allah ne ya tsare gidan. Idan tarin bai tsaya ba, a kai ki likita, ki gaya masa ainihin abin da kika shaƙa, ba mura ba.

Gam ɗin kuwa, yawancin irin wanda ake riƙe bargo da shi na wucin gadi ne, yana fita da wanki. Awatif ta karanta jikin gwangwanin, ta gwada a ragowar satin ɗin kafin ta taɓa lihaf. Tunda ɗinkin bai yi nisa ba, a warware, a ɓamɓare fuskar a hankali, a yar da audugar da ta jiƙe, a jiƙa fuskar a ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ba cuɗawa, a shanya a inuwa. Kada dutsen guga ya hau kan tabo, zafi na iya zaunar da shi. Furen da ya ƙi fita a cire a sa sabo. Allura da teburin keke a goge da sifirit. Kwana goma sha biyu sun isa idan hannu shida ne, ba za su ishi hannu biyu ba.

Yadda ake feshin shi ne kishiyar na sauro. Taga a buɗe, ba wuta kusa, tsohon zanin gado a ƙasa don tayil. A riƙe gwangwani nesa kamar kamu ɗaya, a fesa wa audugar sama-sama, rabi-rabi, a ɗora ƙyalle nan take a shafe daga tsakiya zuwa baki. Wannan na ƙarshen kin fi su iyawa.

Yanzu babbar maganar. Tsoronki ba na banza ba ne, kuma ba zan yi miki alkawarin Gabir ba zai ta da zancen Iskandariya ba. Amma ki bambance wa 'ya'yanki abu biyu. Madara mantuwa ce. Wannan ba mantuwa ba ce: kin yi komai a tsare, mataki-mataki, da ilimin gwangwanin da kika sani, domin ba wanda ya nuna miki na wannan. Awatif na da nata rabon. Ta shigo da sabon kayan aiki gidan mai sana'a, ta haye rufin bene da shi, ta bar uwarta da tiren lalo shekara guda ba ta ce zo ki gani ba. Ta yi ne don tausayin gwiwarki, na yarda, amma ba ta tambaye ki ko hutun kike so ba. Ki gaya mata wannan da bakinki, ki kuma gaya mata kin ji wayar da ta yi da ɗan'uwanta. Inda za ki zauna magana ce da za a yi da ke a wurin, Sitt Ihsan na gefe idan kina so.

Sai dai duk wannan bai wanke shirunki ba. Feshin kuskure ne, shirun kuwa da saninki kike yinsa, kowace safiya sabo. An gaya wa Dimyana magana a kan 'yarta, irin wadda mace ba ta mantawa, a kan laifin da ba ta yi ba, ita kuma tana sauko miki da man zafi. Idan kika bari biki ya wuce, za a yi tanjid ba ita, layi duka ya tambayi dalili, Awatif ta ba su dalilin da ta sani. Daga nan gaskiyarki ba za ta iya kwashe abin da ya bazu ba.

Kada ki fara da Awatif ita kaɗai. Gobe idan Dimyana ta zo wucewa ta tambayi gwiwa, ki riƙe hannunta, ki kira 'yarki, ki faɗa sau ɗaya a gabansu su biyu. Ki nemi gafarar Dimyana tukuna. Neman gafarar da ya rage na Awatif ne, ita za ta hau matakalar nan, ba ke ba. Sannan ki ce a ɗora lihaf a kan tebur maimakon daɓe, a nemo miki allurarki, ki bi bakinsa da riƙo bayan feshi, domin babban lihaf yana buɗe baki a keke ko da gam.

Mai yiwuwa ki ci gaba da zama a Mahalla, mai yiwuwa sai kin yi gardama a kai. Wannan ban san ƙarshensa ba. Abin da na sani, Dimyana ta yi kwana tara tana ɗauke da kayanki. Ki sauke mata gobe.

Allah ya ba ki lafiyar ƙirji da gwiwa, ya sanya alheri a auren jikarki, ya sa a yi tanjid da kowa a layi.

Abla Sanniya