Bajiminmu Ya Fito a Fim

Zuwa ga ƙanena Sanusi,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Legas? Ya Hauwa da yara? Mu nan 'Yandoto lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke damunta.

Mun ji an zaɓi fim ɗin da ka ɗauka a gonarmu, za a nuna shi a bikin finafinan duniya na bana. Allah ya sa albarka. Sai dai guntun da ka saki na talla ya zaga wayoyi.

Ranar kasuwar Tsafe wani baƙo ya tare ni, har da kiran sunana. Ya ce, "Malam Bello, ashe rumbu huɗu gare ku? Jan bajimin nan kuma, bayan dutse kuke ɓoye shi?" Yana ta murmushi. Bai sayi komai ba, ya hau babur ya yi daji.

Sanusi, ba Turawa kaɗai ke kallo ba. Don Allah ka cire fuskar Baba da hanyar garke tun kafin ranar bikin.

Ka sa mu a addu'a. Inna na gaishe ka. Har yanzu murna take, ban gaya mata ba.

Yayanka,
Bello