Mesar da ke Cikin Rigata

Abbey Wood, Landan

Zuwa ga Yaya Hansai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ƙafar Inna? Mu nan sai godiya.

Na ji saƙon Yaya Baha'uddeen, cewa kada in sake taka gidan mahaifinmu sai na rabu da maciji. To, bidiyon da kuka gani gaskiya ne. Ni ne a ciki.

Kin san da mota ɗaya na fara jigilar kaya, yau ina da huɗu, ba wanda ya ɗaga ni. Wata Nimatu, 'yar zangon Kumasi, ta ɗauke ni haya in kai ta Stratford. Tana rawar Larabawa, wadda ake kaɗa ciki da ƙugu, da mesa a kafaɗa. Ta ce matan tsafi na zamanin da haka suke rawa a gaban gumakansu, ita kuwa abinci take nema. Ranar sanyi ya kama mesar, ta sandare kamar itace. Ban yi tunani ba na cusa ta cikin rigata, yadda Kaka yake yi. Ta ji ɗumi, ta motsa. Tun daga nan ni ke ɗumama mesar kafin rawa, ni ke miƙa wa Nimatu ita a gaban 'yan kallo.

Ban yi mata sujada ba, Yaya. Sallata ba ta taɓa wuce ni ba.

Ƙaninki,
Maharazu


Zuwa ga Yaya Hansai,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, amsarki ta iso. Kin ce in ba da haƙuri, in ce bidiyon haɗi ne. Ba zan faɗa ba.

Yaya Baha'uddeen ya ce na jawo wa zuriyarmu sunan arna. Wace zuriya? Kakanmu Bamaguje ne, maciji ne kan gidanmu, wato mai tsaron zuriyarmu, ba ma kashe shi, ba ma cin mutuncinsa. Mun musulunta, alhamdulillahi, amma ba a haife mu a Makka ba. Shi da yake ba da fatawa, ya taɓa ɗaga sanda a kan macijin bayan rumbu? Kuma wa yake ajiye ƙwai a wurin duk Juma'a? Ki tambayi Inna. Kowa ya sani, kowa yana kau da kai. Laifina kawai na riƙe nawa a gaban fitilar wurin rawa.

Na yanki tikiti, ina nan tafe da Babbar Sallah. Ta ƙofar zaure zan shiga. Ki gaya wa Inna ta huta da ƙafar nan, kada ta ƙara laɓewa. Ranar Juma'a ni zan kai ƙwan, da rana tsaka. In Yaya zai kore ni, ya same ni a bayan rumbu, ya zo da sandarsa, mu ga wanda zai fara kai wa duka, ni ko macijin, mai gidan.

Ki gaishe da kowa, har shi.

Ƙaninki,
Maharazu