Kun Kira Ubansa, Kun Manta Ɗan Fari Ne

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai na jami'ar da ɗana yake karatu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Shanono. Na yi ta zarya ofishinka ana ce mini kana taro, shi ya sa na rubuta inda kowa zai gani. Yaron da nake magana a kansa ɗan yayana ne, amma tun da aka yaye shi yake hannuna. Ba zan faɗi sunansa ba, don a garinmu in aka ce wane ya taɓa ciwon ƙwaƙwalwa, har ƙannensa mata sai sun ji a jikinsu ranar da aka zo neman aurensu.

Na farko. A zangon da ya wuce yaron nan ya daina shiga aji, ya daina cin abinci, ya kulle kansa a ɗaki. Abokan ɗakinsa suka kai rahoto, Allah ya saka musu da alheri. Jami'inku ya kira mahaifinsa a waya, ya same shi a gona, ya ce masa ɗansa na fama da ciwon damuwa, ya zaunar da shi su yi hira ya ji abin da ke ransa. Haba, ranka ya daɗe! Yaron nan ɗan fari ne. Yayana bai taɓa kiran sunansa ba. In sun haɗu a zaure, gaisuwa ce kai a sunkuye, kowa ya kama gabansa. Mutumin da ranar sunan yaron ma barin gidan ya yi don kunya, shi za a ce ya zauna ya tambaye shi me ke damunsa? Ya ce to, Allah ya sawwaƙe, ya mayar da waya aljihu. Ko ni bai faɗa wa ba, kada a ce ya yi zumuɗi a kan ɗan fari. Wallahi yana son ɗansa, ramar da ya yi ta isa shaida. Ku kuwa kuka ce an sanar da iyaye, magana ta ƙare. Da jami'in nan ya tambaya wa ya riƙe yaron, da ni aka kira.

Na biyu. Ya dawo gida da kaka, muka ɗauka yajin aiki ne kamar yadda aka saba, har ana murna an sami ƙarin hannu a cirar gyaɗa. Sai ya tsaya a tsakiyar gona ya ƙura wa ƙasa ido, a yi ta kiransa shiru. Wasu suka ce girman kan boko ne. Wasu suka ce sammu ne, tunda shi ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Ba ma raina addu'a, amma yaro kullum ƙara lalacewa yake. Sai da wani abokinsa ya zo daga Bici duba shi sannan na ji gaskiyar magana. Na kai shi asibiti a Kano, likita ya ɗora shi a kan magani, ga shi yana samun sauƙi. Duk watannin nan da muka ɓata, takaicinsu bai bar ni ba.

Na uku. An ce kuna shirya taron wayar da kai a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Madalla. Amma da Turanci ake yi, kuma a bakin ƙofar jami'a yake tsayawa, alhali wurinmu yaran suke dawowa in sun kwanta. Abokin nasa ya kuma ce ofishinku na ba masu damuwa shawara yana kallon wurin cin abinci, duk wanda ya shiga an gan shi, gobe an laƙaba masa suna. Wane ɗan ƙauye ne zai shiga nan?

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai. Yanzu an ce an kore shi, don bai zauna jarrabawa ba kuma bai nemi izini ba. Fisabilillahi, wanda ya kasa tashi ya ɗauki kwanon abinci, shi zai je neman izini? Ai kun san da ciwon, ku kuka kira waya.

Roƙona shi ne ku dubi shaidar likita ku mayar da shi ya maimaita zangon. Ku riƙa tambayar kowane ɗalibi wa yake iya faɗa wa damuwarsa a gida, goggo ce ko kawu ko kaka. Ku fito da wayar da kan nan da Hausa, a rediyo da masallatan Juma'a, iyaye su ji. Ofishin nan kuma a sauya masa wuri.

Bai san an kore shi ba, na kasa faɗa masa. Da safen nan ya wanke kayansa ya shanya, ya zo yana tambayata yaushe zai koma. Na ce masa ana magana. Don Allah kada ku sa in zama maƙaryaciya a wurin yaron da bai daɗe da fara dariya ba.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka naka, ya tsare su daga abin da muka gani.

Wassalam.

Goggonsa,
daga ƙasar Shanono