Ƙofar Gabas ta Tsohon Kafi

Asabar, 3 ga Nuwamba, 1956
Na kai 'yan aji huɗu kufan da ke yamma da Dangora. Tsohon kafin yana nan: turakun ƙirya ɗari da sha ɗaya a tsaye, baƙaƙe ƙirin, sun gagari gara. Na gaya musu kakanninsu ne suka kafe garin da su saboda harin Ningawa. Sun auna da igiya, sun zana a allo. Ta gabas akwai giɓi, wurin ƙofa. Shanu na shiga suna susa a jikin itacen. Abin ya dame ni.

Talata, 13 ga Nuwamba
Amsar takardar da na rubuta bara ta zo daga Kano. An sa wurin cikin kayan tarihi, ba sara, ba kiwo. Na kasa cin abinci don murna.

Asabar, 17 ga Nuwamba
Mun kafa allon doka, mun ɗaure giɓin da waya.

Litinin, 19 ga Nuwamba
Wata tsohuwa, Iya Saudatu, ta same ni bayan an tashi. Na durƙusa na gaishe ta.
"Ɗan nan, kai ka rufe ƙofa?"
Na shiga bayanin doka. Ta bar ni har na gama, sannan ta ce a kafin aka haife ta. Tana shekara bakwai mahara suka zo da hantsi. Babanta ke tsaron ƙofa, ya rufe. Ƙanenta Lado, ɗan shekara biyar, ya riga ya bi awaki waje.
"Ya yi ta bugawa yana kiran Baba. Can sai muka daina ji."
Washegari babanta ya cire ƙyauren, ya rantse ba za a ƙara rufewa ba sai Lado ya dawo. Ko da gari ya tashi, ba wanda ya tare wurin ko da ƙaya.
Na ce, Iya, shekara sittin da 'yan kai fa.
"Na fi ka sani, Malam. Amma wanda aka kama yakan dawo wani lokaci."

Laraba, 21 ga Nuwamba
Iska ta yi ta buga tagar aji ina cikin darasin lissafi. Sau uku ina manta inda na tsaya.

Lahadi, 25 ga Nuwamba
Na je ni kaɗai bayan azahar. A bakin waya, ta waje, sawun ƙafarta da na sandarta, na kwanaki, wani kan wani. A nan take tsayawa ke nan. Na shiga ciki na duba turakun, sai na ga kamar mutane ne suka jeru sun ba gabas baya. Ban daɗe ba.
Ni na rubuta takardar nan. Da alƙalamina.

Asabar, 1 ga Disamba
Na aika rahoto Kano: allo lafiya, waya lafiya.
Na ɗan kwance gefe ɗaya dai, don 'yan makaranta su riƙa shiga ba wahala. Saniya ba za ta iya wucewa ba. Ɗan shekara biyar zai iya.