Saiwar Gero Daga Gonar Inna

Daga garin Babban Mutum.

Ƙanena Ikrima,

Salamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Badun? Mu lafiya, sai idon Inna da ya ƙara rufewa. Yanzu da murya take gane mu.

Baffa Munzali ya ce gonarmu ta gabas ta mutu, gara a bar masu bulo su haƙe ƙasar. Bana ma geron bai kai ƙugu ba. Inna ta ce muddin tana numfashi ba mai sa diga a inda Baba ya yi gumi. Kai da kake karatun ƙasa, ka ce wani abu. Ko kai ma ka zama ɗan can?

Yayarka,
Siddiƙa.

*

Badun.

Yaya Siddiƙa,

Amin alaikumus salam. Ki gaishe mini da Inna, ki riƙe hannunta in kina faɗa mata.

Kada ku yanke hukunci da tsayin kara. Akwai wasu siraran zaruruwa, dangin naman kaza mai tsirowa a ƙasa da damina, da ke shiga saiwar gero suna jawo mata ruwa da abinci. Ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Inda suke da yawa, ƙasa tana da rai. Ki tono mini saiwoyi daga tsakiyar gona, da gindin gawo, da bakin shinge, kowacce da ƙasarta a ƙunshi daban. Maliki direban motar shanu zai kawo mini.

Ban zama ɗan nan ba, Yaya. In hadari ya haɗu, arewa nake kallo.

Naki,
Ikrima.

*

Ikrima,

Bayan gaisuwa, ga saƙo. Inna ta ƙi yarda in je ni kaɗai. Na riƙe mata sanda har gindin gawo, ta durƙusa ta tona da hannunta. Ta daɗe tana sansanar ƙasar. Na ce, "Inna, mu tafi, rana ta yi." Ta ce, "Bari in ƙara masa, kada ta yi masa kaɗan."

Siddiƙa.

*

Yaya,

Ina gaishe ku. Na duba. Na tsakiya kusan babu komai, ƙasar ta gaji ƙwarai. Amma na gindin gawo da na shinge cike suke. Gonar ba ta mutu ba. Ki roƙi Baffa ya ba mu damina: a surka geron da wake, a bar kara a ƙasa, a kai takin awaki.

Da na kwance ƙunshin gawo, ƙamshin ƙasar gida ya buge ni, na kasa aiki. Ragowar ƙasar tana ɗakina. Na nemi hutu a wurin aiki don in zo shuka, sun ce sai bayan kaka.

Ikrima.

*

Auta,

Innarka ce ke faɗa, Siddiƙa na rubutawa. Ina gaishe ka. Baffanka ya yarda, an yi shuka, wake ya tsiro.

Ban gane zancen zaruruwanka ba, amma na yarda da kai. Kaka ba nisa. In ka iso kada ka tsaya sallamar maza a zaure, ka shigo kana magana tun daga ƙofa.

Allah Ya kawo mini kai.