'Yar fari a kujerar gaba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da war haka. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Asabar, wallahi na kasa zaune na kasa tsaye.

Ni malamar firamare ce a Batsari, maigidana kuma ma'aikaci ne a sakatariya. 'Yarmu ɗaya, ba ta daɗe da fara tafiya ba, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Kun dai san al'adarmu a kan 'yar fari, ko sunanta ba na kamawa, in ta faɗi a gaban Hajiya, uwar mijin nawa, sai in kau da kai kamar ban gani ba. Hajiya kuwa ba ta da magana sai ta takwara, kuma tsakani da Allah ba ta taɓa cuta min ba, ko jegona ita ta yi ɗawainiyarsa.

To bara maigidan ya sayo wata 'yar ƙaramar mota ja mai ƙofa biyu, irin ta samarin nan masu gudu. Tsabar gajartarta ko kunyar gyaɗa ba za ta iya hayewa ba sai cikinta ya gogi ƙasa. Da na yi ƙorafi sai ya ɗauko waya ya nuna min bidiyon da Turawa ke gwada irinta, su maka ta da bango da gangan, gaban ya lotse amma mazaunin mutane bai yi komai ba. Ya ce taurari biyar aka ba ta, wai ta fi bas ɗin Katsina aminci nesa ba kusa ba. Tun daga nan duk wanda ya zo gidanmu sai ya sha kallon bidiyon nan, har mai kawo mana nono bai tsira ba.

Kujerar baya wani ɗan lungu ne, Hajiya da ciwon gwiwa ba za ta iya shiga ba. Don haka in za mu gaida dangi a Safana ni ce a baya, gwiwa a haɓa, Hajiya a gaba da yarinya a cinya. Bel kuwa tun ranar farko ya zagaya da shi ta bayan kujera ya maƙala, don motar ta daina yi mana ƙara. Ga gudu, in na yi magana ya ce a wannan hanya tamu ai gudun ne tsaro.

Watan jiya muna dawowa sai wani maraƙi ya faɗo titi. Ya taka birki, yarinya ta suɓuce daga hannun Hajiya ta buga goshi a gaban mota. Ɗan ƙulu ne kawai ya fito, Hajiya ta yi addu'a ta tofa mata, aka wuce. Ni kuwa ina baya, hannuna ya miƙa da kansa na janye shi, saboda kunya.

Da muka iso gida na karɓi wayarsa na kalli bidiyon a nutse har ƙarshe. Jama'a, duk mutum-mutumin da ke ciki ɗaure suke da bel. Na yara ma a baya suke, kowa a cikin tasa kujera ta musamman, babu wanda aka ɗora a cinya. Sannan balan-balan ɗin nan da ke fitowa daga gaba, da ƙarfin tsiya take fashewa, daidai inda kan 'yata yake zama. Ko a jikin abin tare rana na motar akwai hoton jariri da jan layi a kansa, kullum yana saman kan Hajiya.

Na nuna masa, ya ce na cika tsoro, in Allah ya ƙaddara ko a gado ma mutuwa ake yi. Na ce to a sayi kujerar yara a sa a baya kusa da ni, ya ce shi ba zai iya buɗe baki ya ce wa mahaifiyarsa ta sauke takwararta ba, in ina da ƙarfin hali in faɗa da kaina. Na gwada ta bayan fage, na ce wa Hajiya ko in riƙe mata ita ta huta. Ta yi dariya ta ce, “Oh ni, 'yan zamani! Yau kuma 'yar fari ake karɓa a hannun kaka?” Ƙannensa mata suka yi ta tsokanata da maganar har yau.

Yanzu ranar Asabar akwai suna a gidan ƙanwarsa a Tsaskiya, Hajiya har ta ɗinka musu atamfa iri ɗaya ita da takwara. Na yi tunanin in ce yarinya ba ta da lafiya, amma ƙaryar ba za ta wuce sau ɗaya ba. Na yi tunanin in kai maganar wajen yayan Hajiya, sai na ji tsoron a ce na kai ƙarar uwar miji. In kuma na fito na ce ba na so, za a ce ba ni da kunya, kuma zan ɓata wa tsohuwar da ba ta nufin 'yata da komai sai alheri.

Iyaye mata da ke nan, ya zan yi? Akwai hanyar da zan faɗa wa Hajiya ba tare da ta ji na raina ta ba, ko kuwa in rufe ido in karɓe 'yata a bakin mota a yi duk surutun da za a yi? Surutun zan iya jurewa. Abin da ba zan iya ba shi ne in sake zama a baya ina kallon ƙeyar 'yata, ina ƙirga shanun bakin hanya har Tsaskiya.