Ɗaga Rigarka, Baban Ummi

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sama na farko a kan busasshiyar zuciyata, Baban Ummi.

Gaisuwa mai yawa, da kewar da ta fi gaisuwar yawa. Yaya kake, hasken ɗakina? Ka ga ma a banza na tambaya, don na san amsarka tun ba ka buɗe baki ba: lafiya lau. Kai da ko ƙafarka aka sare za ka ce ɗan tuntuɓe ne! To wannan lafiya lau ɗin taka ce ta hana ni sukuni, ita ta sa na roƙi lauyarmu ta kawo maka takardar nan can sansanin maza inda suke tsare da kai, kafin a kira ka ganawa ranar Talata.

Tsoro nake ji, masoyina. Ko ranar da suka raba mu a bakin iyaka, maza gefe, mata da yara gefe, ban ji irinsa ba.

Ni an riga an yi tawa ganawar. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur a tsakiya, tafinta a gefena, ga wata na'ura mai jan ido tana naɗar duk abin da na faɗa. Jami'ar da ke yi min tambayoyi ba ta da faɗa, har ruwa ta miƙo min. Ta tambaye ni abin da ya koro mu daga gida har muke neman mafaka. Na faɗi yadda kake ɗaukar hoton biki da suna, da yadda ranar da aka rushe kasuwa ka ɗauki abin da ba a so a gani, da yadda masu baƙar mota suka zo shago suka tafi da kai. Sai ta ce, da suka sako shi, a wane hali ya dawo? Baban Ummi, na faɗa mata. Duka na faɗa mata.

Na san yanzu ka ajiye takardar a cinya kana cewa, me wannan Farar Kura tawa, sarauniyar tsoro, ta sani da za ta faɗa? Ai na sani, rabin raina. Na sani tun farko.

Ka tuna yammacin da ka dawo? Ka shigo tsakar gida kana dariya, wai mutanen sun ba ka masauki kyauta har ka yi ƙiba. Ummi ta rugo za ta hau bayanka yadda ta saba, ka yi wuf ka juyo ka ɗauke ta a ƙirji. Na kai maka ruwan wanka, ka ja ƙofa ka sa sakata, kai da ba ka taɓa sanin banɗakinmu yana da sakata ba. Yatsunka da suka karkace ka ce ƙofar mota ce ta datse su. Ana zafi kowa na neman iska, kai ka koma kwana da riga, wai sanyi kake ji. Washegari kana alwala ka sunkuya wanke ƙafa, rigar ta ɗage, ni kuwa ina tsaye a bayanka da tsintsiya. Na gani. Wayyo Allah, na gani! Na shige kicin na cusa bakin zanena a baki don kada ka ji kukana. Man nan da ka dinga tsinta a kan taga, na ce maka na kaushin ƙafata ne, ka taɓa ganin na shafa? Kai kana ɓoye min don kada in karaya, ni ina ɓoye maka na sani don kada ka ji kunya. Haka muka zauna muna gadin juna, kowa na ganin shi ne mai wayo.

Amma mutanen nan ba su san irin wannan so ba. Lauya ta zaunar da ni ta yi min bayani dalla-dalla: za su ɗauki maganata su ajiye kusa da taka. In na ce an azabtar da kai, kai kuma ka ce tambayoyi kawai aka yi maka aka sake ka, to ɗayanmu maƙaryaci ne a wurinsu, kuma wanda tambayoyi kawai aka yi masa ba ya bukatar mafaka. Ta ce duk zuwan da ta yi wurinka, in ta taɓo maganar sai ka ɗauko mata labarin ban dariya, ko ka tambaye ta ko Ummi na cin abinci. Ta dube ni ta ce, "Uwar Ummi, mijinki mutumin kirki ne, amma haƙurin nan nasa zai sa a mayar da ku." 

A mayar da mu ina, tauraron asubata? Hannun waɗanda suka dawo nemanka, da ba su same ka ba suka ƙone shagon? Duk motar da ta tsaya a ƙofar gidan nan da aka ajiye mu mata, sai in leƙa in ga ko mu aka zo ɗauka. Matar da ke gadon kusa da nawa, wadda take yi wa Ummi kitso, an kira ta ofis da safe, kafin azahar an mayar da ita ƙasarsu, an yaye zanen gadonta. Ummi na ta tambayata ina Anti mai kitso.

Don Allah, don darajar mahaifiyarka da muka sa wa yarinyar nan sunanta, ka ɗaga rigarka. Lauya ta ce akwai likitan da zai duba ya rubuta abin da ya gani, in ka yarda. Ka yarda, Baban Ummi! Kada ka yi musu dariya. Kada ka ce an gode Allah ka ja bakinka ka yi shiru. Ka gode masa, sannan ka ci gaba da magana. In muryarka ta karye, bar ta ta karye, tafinta zai jira ka. In hawaye ya zo, wa zai gani? Baƙi ne, gobe ba za su tuna fuskarka ba.

Ko tsoronka shi ne in ji abin da suka yi maka, darajarka ta ragu a idona? Haba, bangon da nake jingina! Ni bayanka kawai na gani, na san akwai abin da ya fi shi wanda kake ɗauke da shi kai kaɗai. Shi ma ka sauke musu. Na yi maka alkawari tsakanina da Allah, ba zan taɓa tambayarka abin da ka faɗa a ɗakin nan ba, ko mun tsufa haƙora sun zube.

Tawa maganar ba ta janyuwa, na'ura ta riga ta haɗiye ta. Ka yi fushi da ni in ka ga dama, zan iya da fushinka, amma ba zan iya tsayawa ina kallo a sake sa ka a baƙar mota ba. Mu uku yanzu a bakinka muke.

Ni taka ce in sun bar mu, taka ce in sun mayar da mu, taka har ranar da za a binne ni, ko a ƙasar wa ce.

Matarka mai jiranka,
Uwar Ummi